Mutumin da Ya Juya wa Majigi Baya

Sun ce matan ƙasar Kebbe ba za su taɓa tace ruwan tafki ba. Malamin tsabta ya faɗa, bayan ya yi rani biyu yana bin ƙauyuka da tsumman tata a aljihu. Direban motar majigi ya faɗa. Babban jami'in ofishinmu ya faɗa da Turanci, ni kuma na buga masa a keken rubutu, domin a lokacin ni ne akawunsa. Hujjarsu ita ce an sha nuna wa matan nan fim ɗin kurkunu, wanda dominsu aka yi shi tunda su ke ɗebo ruwa, amma duk inda aka haska shi ba abin da ake samu daga gare su sai dariya da tsaki. Aka yanke hukunci cewa taurin kai ne, kuma ba shi da magani.

Mutum ɗaya ne bai yarda da wannan hukunci ba, shi ne Kawu, ƙanen mahaifiyata, wanda muka kai makwancinsa a nan Tambuwal makon jiya. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Kwana uku na yi a ƙofar gidansa ina karɓar gaisuwa, kasancewar ni na rage a cikin manyan dangi. An zo daga Jabo da Dogon Daji a kan babura, har aka rasa wurin ajiye su. Limamin unguwa ya shaide shi da sahun farko. Jikokinsa suka ce ba su taɓa jin ya ɗaga murya ba, wanda ba gaskiya ba ne, amma ba ranar gyara ba ce. A rana ta biyu wani magidanci daga wajen Kebbe ya shafa fatiha, sannan ya karkata wurin na kusa da shi, yana zaton tsufa ya toshe mini kunne.

"Shi na fa mai majigin ga da anka kama bayan ƙyalle, wurin mata."

"Haba dai! Wanga tsoho?"

"Babanmu yab ba mu labari. Allah dai shi yafe mishi, ƙuruciya ta."

Tabarmar makoki ba wurin gardama ba ce. Amma na ga cewa zargin da aka yi wa Kawu fiye da shekara sittin da suka wuce ya riga ni zama a kan tabarmar, ya bar bakin uba ya koma bakin ɗa, kuma in na yi shiru zai koma bakin jika. Ina da hannu a wannan zargi. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu ya girme ni da shekara takwas. Elementare kaɗai ya yi, ni kuwa na wuce makarantar Midil, kuma a wancan zamani ban bar kowa ya manta da haka ba. Aikinsa shi ne fassarar majigi. Mota takan isa gari da la'asar, a kafa sanduna biyu a fili, a ɗaura farin ƙyalle a tsakaninsu. Bayan isha'i a tayar da inji, shi kuma ya riƙe abin magana yana bayyana wa jama'a abin da hoto yake nufi. Maza kan zauna a gaban ƙyallen, dagaci a kan kujera a tsakiya. Mata ba sa shiga cikin maza. Sukan fito bayan an kashe fitilu, su tsaya a bayan ƙyallen, can gefen danga, domin ƙyallen ba shi da kauri, hoto yana ratsa shi. Haka ake yi a ko'ina, kuma babu wanda ya taɓa ganin abin tambaya a ciki.

A shekarun farko na 'yancin kai aka buɗe gidan talabijin a Kaduna. Hotonsa bai iso mu ba, ko kusa, amma takarda ta iso. Ana so kowane mai majigi ya riƙa cike ta: mutum nawa suke zuwa kallo, yaushe suke zuwa, a wane fim suke watsewa. An ce ana tunanin wata rana za a ajiye akwatunan talabijin a filayen garuruwa, saboda haka ana son a san yadda mutanenmu suke kallo. Sauran masu majigi sukan cike takardar a cikin mota da ƙiyasi. Kawu ya karanta tasa sau biyu, ya ce da ni:

"Akawu," haka yake kirana in yana son ya tsokane ni, "sun tambayi mutum nawa, ba su tambayi inda sunka zamna ba."

Na ce masa abin da aka tambaya shi ake amsawa. Ya ce to, zai amsa, ya kuma ƙara musu.

Daga nan ya soma abin da ya jawo masa. Ya riga ya haddace finafinan kamar karatun allo, saboda haka sai ya juya wa ƙyallen baya, yana fassara da ka, idonsa a kan fuskokin jama'a, da ɗan littafi a gwiwarsa yana zane a ciki. Da rana kuwa, kafin a taru, yakan kafa turke a gindin ƙyallen, ya ɗaura igiya mai ƙulli a kowace gaba, wato tsawon buɗe hannu biyu, ya yi ta zagaya fili yana tsayawa, yana tsugunawa, yana karkata kai. Ya gano cewa wanda ya wuce ƙulli na goma sha biyar ba ya bambance fuska. Ya gano cewa wanda ya tsaya can gefe yakan ga komai a tsuke, mutum kamar karan dawa. Makiyaya kuwa, saboda kunya da kara, kullum a can gefe suke tsayawa, su dogara da sandunansu. Ya ba ni labarin wani Bafillace da ya same shi bayan fim ɗin allurar shanu, ya ce masa in haka shanun da aka yi wa allura suke ramewa, to a bar masa nasa yadda suke.

Sai dai mutane ba su ga bincike a cikin wannan ba. Abin da suka gani shi ne ma'aikacin hukuma yana ƙare musu kallo a cikin duhu yana rubutu. A Jabo aka ce ƙidayar haraji yake yi, har wasu magidanta suka daina zuwa da samarin gidansu. A Dogon Daji aka ce ɗan leƙen asirin jam'iyya ne, yana rubuta wanda ya tafa da wanda bai tafa ba in an nuna manyan gwamnati. Wani malami ya ce igiyar nan mai ƙulli ba ta awo ba ce. Ko direban da suke ci a akushi ɗaya ya daina barin jakarsa kusa da shi. Ni kaina na taɓa buɗe littafin a ɓoye. Ban ga sunan kowa ba, sai da'irori da ɗige-ɗige, kuma maimakon hakan ya kwantar mini da hankali sai na ce a raina lalle rubutun sirri ne.

Abin da ya fi damun Kawu shi ne tsakin nan. A fim ɗin kurkunu akwai wata mata da take tace ruwa da tsumma mai tsabta a bakin randa, ta ɗiba a moɗa, ta durƙusa ta miƙa wa mijinta, sannan ta zauna cin tuwo da 'ya'yanta. Kawu ya lura cewa daidai lokacin da ta miƙa moɗar maza sukan gyaɗa kai, daga bayan ƙyalle kuwa sai tsaki ya tashi. In ta sa hannu a tuwo sai dariya ta ɓarke, wasu ma su kama hanyar gida. Haka aka yi a Jabo, haka a Dogon Daji, haka a kowane ƙauye na Kebbe, a daidai wuri ɗaya, ga shi kuma matan garuruwan nan ba su haɗu sun shirya ba.

Ya zo gidanmu ya tambayi Inna, yayarsa, tana tankaɗe, ni ina zaune.

"Yaya, mi kuka ma dariya ga majigin kurkunu?"

Inna ta dube shi sama da ƙasa.

"Kai da kaka nuna shi kullum, ni kaka tambaya? Ba ka da ido? Ai ban san kunyarku ta ƙare ba sai da kunka ɗauko wagga mata kunka ce ita za ta koya muna tsabta."

"Mi tay yi?"

"Tashi ka ba ni wuri. Ni ba ni faɗin ƙazanta ina aikin abinci."

Inna tana zaton abin da ta gani shi kowa ya gani, saboda haka ta ɗauki tambayar a matsayin shaƙiyanci. Bai samu komai daga gare ta ba.

A wani ƙauye gabas da Kebbe, wanda ba zan ambaci sunansa ba domin zuriyarsu suna nan, Kawu ya miƙa wa direba abin magana ana tsakiyar fim ɗin, ya zagaya bayan ƙyalle. Bai yi minti biyu ba ya dawo. Amma wani magidanci ya gan shi, kuma matarsa tana cikin matan. Kafin mota ta bar garin magana ta kai ga dagaci, kafin mako ya zagayo jakadan dagaci yana tsaye a ofishinmu.

Babban jami'i ya saurare shi, ya ce in rubuta ƙarar in sa a fayil ɗin Kawu, kuma a dakatar da shi sai an bincika. Na rubuta abin da jakada ya faɗa. Sannan na ƙara layi ɗaya da babu wanda ya faɗa: cewa ba wannan ne karo na farko da aka ga take-takensa ba. Na yi haka ne domin kowa a ofishin ya san ɗan yayarsa ne ni, kuma ina tsoron a ce na rufa wa dangi asiri. Akwai kuma, in zan faɗi gaskiya, haushin da nake ji na yadda ake nuna ni a kasuwa ana cewa ga ɗan gidan mai igiya. Jami'i ya sa hannu, na buga hatimi mai kwanan wata.

Aka karanta wa Kawu takardar. Da yamma ya tare ni a ƙofar masallaci, kuma a ranar ya ɗaga murya.

"Take-take! Dagacin ga ya san take-take? Jakadanai ya san take-take? Wanga layi naka na, Akawu. Na goya ka, na san tafiyarka ko cikin duhu."

Na ce masa aikin ofis ba ya sanin dangi.

"Rubutunka dai na da kyawo," in ji shi. "Ko sharri kar rubuta, layi na miƙe."

Ya shige sallah ya bar ni a tsaye.

Roƙo ɗaya ya yi wa babban jami'i: a koma ƙauyen, a hana mata fitowa a daren, a nuna fim ɗin kurkunu, dagaci da dattawa su zauna a bayan ƙyalle. Jami'i ya yarda, ina jin don ya huta da maganar ne. Shi ma da kansa ya je, ya tafi da ni domin in riƙe takardu. Dagaci kuwa da ya ji sharaɗin sai ya ɓata rai.

"Ni? In zamna wurin mata? Yaro, ka san da wa kaka magana?"

"Ranka shi daɗe, ba mace ko ɗaya wurin yau. Fili na kawai. In ba ka ga komi ba, ni da kaina nika ajiye aikin."

Aka daɗe ana ja. Dattawa suka yi ta duban juna, kowa yana zargin akwai wata maƙarƙashiya. Daga ƙarshe aka ɗauki kujerar dagaci aka zagaya da ita. Magidancin da ya kawo ƙara ya zauna a gefensa, ya naɗe hannu. Ni ma a daren na fara tsayawa a bayan ƙyallen majigi a rayuwata.

Matar ta tace ruwa, ta ɗiba a moɗa, ta durƙusa, ta miƙa wa mijinta da hannun hagu. Mijin ya karɓa da hagu ya sha. Ta zauna, ta sa hannun hagu a cikin tuwo ta kai baki, 'ya'yanta duka suka bi ta da hagu. Wani dattijo ya yi salati. Dagaci kansa, ina jinsa da kunnena, ya ja tsaki.

Sannan ya miƙe a fusace.

"Ka musanya shi! Wanga ba shi na anka nuna muna rannan ba."

"Shi na, ranka shi daɗe. Zo ka tsaya nan."

Kawu ya kai shi gindin sandar da ta riƙe ƙyallen, ya ce wa direba ya maido fim ɗin baya. Dagaci ya leƙa ta gaba, ya ga dama. Ya leƙa ta baya, ya ga hagu. Ya yi haka har sau fuɗu, rawaninsa yana gogar sanda, dattawa suna biye da shi ɗaya bayan ɗaya, wasu suna shafa ƙyallen ko akwai wani a ɓoye a ciki.

"To wanne na gaskiya?" in ji dagaci.

"Matar da dama tac ci. Amma iyayenmu mata ba su yi ƙarya ba. Shekara da shekaru muna aiko musu da mai cin tuwo da hannun tsarki, muna cewa su koyi tsabta gare ta."

Magidancin da ya kawo ƙara ya ce shi kam ya taɓa ce wa matarsa maƙaryaciya a kan wannan magana, har ta yi yaji kwana biyu. Aka yi dariya. Amma bai saki ba.

"Duk da haka dai, ranka shi daɗe, ya shiga wurin mata."

"Na shiga," in ji Kawu. "Na yi sallama sau ukku, na tsaya bayan tsohuwar gidanku. A tambaye ta."

Dagaci ya aika aka tambayi tsohuwar, wadda gwaggon mai ƙarar ce. Amsarta ta dawo cewa baƙon ya yi sallama, ya tsaya nesa, idonsa a kan ƙyalle, da matar majigi ta sa hannu a tuwo ya yi salati ya juya. Ta ƙara da cewa a gaya wa ɗan ƙanenta ya nemi aikin yi.

Babban jami'i ya miƙe ya ce a gaban kowa babu laifi, Kawu ya koma bakin aikinsa. Dagaci ya ce shi ma ya janye. Ina tsaye da alƙalami da takarda a hannuna. Jami'i bai ce in rubuta ba, ni kuma ban tambaya ba. Aka shiga mota.

Dattawan sun so a ɗinka baƙin ƙyalle a bayan farin domin a toshe ɓarnar. Kawu ya ce in an yi haka an kori mata ke nan gaba ɗaya. Ya roƙi a kafa zana a tsakiyar fili, daga gaban ƙyalle ta miƙe zuwa baya, maza a gefe ɗaya mata a gefe ɗaya, ya kuma auna da igiyarsa inda tabarmi za su tsaya domin kada kowa ya faɗa can gefen da hoto yake tsukewa. Da aka gwada a zuwa na gaba, matar majigi ta miƙa moɗa da dama, babu wadda ta ja tsaki. Sai aka ji muryar tsohuwar nan daga bayan zana:

"Madalla. Ashe an yi mata faɗa."

Ba zan ce kurkunu ya ƙare a shekarar ba, domin ya daɗe bayan haka yana kwantar da manoma da damina. Abin da na gani da idona shi ne tsumman tata a bakin randuna a gidajen da da ake korar malamin tsabta da dariya. Inna ma ta ɗaura nata, ta ce ba don majigi ba ne, ita dama tana da niyya.

Kawu ya tattara zane-zanensa ya aika tare da takardar da aka ce a cike. Ba a amsa ba. Bayan shekara biyu wata sanarwa ta zo daga sama tana umartar masu majigi su riƙa kafa zana, su kuma kiyaye nisan masu kallo da karkatarsu, babu sunan kowa a jiki. Ina da zargina game da inda aka samo ta, har yau ban sauke shi ba. Na nuna masa, ya karanta, ya ce sun yi kuskure a ƙulli ɗaya, ya miƙo mini.

Ba a taɓa ƙara masa girma ba. Duk sabon jami'in da ya zo yakan buɗe fayil, ya tarar da takardata, ya rufe. A matsayin da ya shiga aiki a nan ya yi ritaya, ni kuwa na yi ta hawa. Duk da haka, lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da ni wata uku, shi ne yake zuwa kowace safiya ya tallafe ni zuwa bayan gida, yana ce mini Akawu ya yi nauyi, albashi ya karɓe shi.

Da talabijin ya iso Tambuwal bayan shekaru, aka kawo na farko unguwarmu, kowa ya ruga gabansa. Kawu ya zagaya bayansa, ya ƙwanƙwasa katakon, ya ce, "To, wanga ba shi da baya. Ina mata za su tsaya?" Da 'ya'yansa suka saya masa nasa ya hana a ajiye shi a zaure, ya sa aka kai tsakar gida. Har ƙarshen rayuwarsa kujerarsa a gefen akwatin take, tana fuskantar iyali. In jikoki suka yi musu a kan abin da suka gani, ba ya tambayar wa ya yi gaskiya, sai ya tambayi kowannensu inda ya zauna.

Ban nemi gafararsa ba sai a ciwonsa na ƙarshe. Na zauna a bakin gadonsa na faɗi abin da ya daɗe da sani. Ya yi murmushi.

"Na yafe maka tun kafin azumin waccan shekara, Akawu. Amma takarda ba ta ji na yafe ba."

Ban san inda fayil ɗin yake yanzu ba, ko gara ta ci shi ko yana nan a wani ɗaki. Wanda ya sa hannu ya rasu, dagaci ya rasu, direba da tsohuwar da mai ƙarar duk sun rasu. A cikin waɗanda suka tsaya a bayan ƙyalle a daren nan ni kaɗai na rage, kuma ni ne akawun da ya kamata ya rubuta. Saboda haka ina shaidawa, da hankalina, cewa an binciki Kawu a gaban dagaci da dattawan gari, an tambayi shaida, an ce ba shi da laifi, mai ƙara ya ji, babu wanda ya musa. Ina roƙon 'ya'yansa su kwafe wannan su ajiye, a kuma karanta shi ranar sadakar arba'in da ƙarfi, yadda na bayan tabarma zai ji.

Takardar zargi tana da kwanan wata, ni na buga mata. Ga kwanan watan wanke shi: Larabar ƙarshe ta watan Sha'aban, shekara ta uku bayan samun 'yancin kai.